Igiyar Dattijo

Da sunan Allah nake farawa. Ni ke faɗa, autata Hadiza ke rubutawa, tun da ita ce ta yi lakwal, wato karatun boko, a cikinku, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana don ta yi daɗin ji. Wannan babin na shekarar da aka fitar da Dattijo daga gidan nan ne. Kun ji labarin a bakin matan rijiya, kun ji shi a bakin masu shayi, ni kaɗai ce ba ku zauna kun ji daga bakina ba. Yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, ba na son in tafi in bar jikoki da rabin magana.

Ga waɗanda aka haifa bayan tafiyarsa, Dattijo kunkuru ne. Ba irin ƙananan nan na tabki ba, babban kunkurun tudu ne, wanda in ya kwanta a ƙofar ɗaki sai ka tattare zane kafin ka tsallake shi. Shekarar da fari ya cinye shanunmu a arewacin Tagiris, muka gangaro Dakoro da jaki ɗaya da 'yan awaki, ina goye da ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, kuke ce masa Yaya Babba. Kakanku, mahaifin ubanku Malam, ya ce shi ba zai bar ƙasar da ya binne iyayensa ba. Da muka ɗaura kaya, sai ya fito da kunkuru, lokacin bai wuce girman akushi ba. Ya sa basilla a wuta, ya huda gefen ƙoƙon bayansa, ya zura igiyar fata, ya miƙa wa Malam.

"Ga namiji na ba ka. Muddin shina cikin gidanka, gidanka ba ya watsewa."

Ba mu sake ganin tsohon ba. Kunkurun ne kaɗai abin da ubanku ya gada.

Shekara arba'in Dattijo ya yi a turke, a gindin aduwar tsakar gida. Igiyar fata ta tsinke aka sa ta kaba, ta kaba ta ruɓe aka sa ta roba. Ni ke sauya ta, kuma kun san halina da igiya: ban taɓa sa mata wuƙa ba, ko da haƙori sai na kwance ƙulli, don guntuwar igiya ba ta ɗaure komai. Babba a jikin ƙoƙon Dattijo ya koyi tsayuwa. Dukanku kun hau bayansa, dukanku kun sha dukana a kan haka. Abu ɗaya ne ke haɗa ni faɗa da shi: kowace shekara bayan kaka sai ya ja igiya iyakar tsawonta, ya nufi dangar arewa, ya hau tona rami da ƙafafun baya. In cike, ya tona. In cike, ya tona. Na ce taurin kai ne, na rage masa tsawon igiya.

Na san sunan 'yan sanda da ake kirana da shi a bayan idona. Jandarma. Malam ne ma ya fara, ya kuma faɗa a gabana. Ban musa ba. Gidan da ya taso daga jaki ɗaya ba a riƙe shi da murmushi.

Wannan sunan ne ya kai ni fako. Bayan garinmu akwai wani fili da ya mutu tun kafin mu zo, ƙasa ta daskare kamar gindin tukunya, ruwan sama na sauka ya wuce bai gaishe ta ba. Ma'aikatan gandun daji suka zo suka zauna da mai gari, aka tara mu mata muka tona rabin wata, wato ramukan nan masu siffar jinjirin wata da ke tare ruwa. Muka zuba taki, muka watsa irin ciyawa, aka yi alkawari ba dabba, ba gatari, sai ƙasa ta farfaɗo. Aka naɗa maza biyu su yi tsaro, aka ba su salula. Wata biyu, awaki suka cinye rabin abin da ya tsiro, masu tsaro suna ƙarƙashin gawo suna dara. Mai gari ya ce a ba Jandarma.

Babban ma'aikacin, wani dogo mai sanyin magana da muke kira Shef Ilya, ya zo mini da kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami. Ya ce ban da tsaro, yana son a riƙa rubuta duk naman dajin da ya dawo.

Na ce, "Shef, ka ba makaho madubi. Riƙe takardarka, ka zo duk ranar kasuwa in ba ka lissahinka."

Ina yarinya ni ke bin awakin babana, shi ya koya mini karatun ƙasa. Sawu ba ya ƙarya. Yana gaya maka wa ya wuce, da yaushe, da ko a tsorace yake. Sai na samo 'yan goruna na rataye a rumfa. Barewa, ƙwallon aduwa ɗaya a goranta. Tuje, ƙwallon magarya. Zomo da yanyawa, ƙwayar wake, fari da ja. Kowace safiya bayan asuba, kafin iska ta share ƙasa, sai in zagaye fakon, in dawo in zuba. Ranar kasuwa Shef ya zo ya juye a tabarma ya ƙirga ya rubuta. Shekarar farko gorunan kusan wofi suke. Ta biyu sabara da anza suka tofo, zomaye suka fara yawa. Ta uku na ga sawun barewa da ɗanta, na tsaya a kansa har rana ta taɓa ni.

A farkon daminar shekara ta huɗu na ga wani sawu da ban taɓa gani a daji ba tun ina budurwa, amma na san shi kamar tafin hannuna, don kullum ina share irinsa a tsakar gida. Layi biyu na karce, da alamar jan ciki a tsakiya. Na bi shi har gindin wata magarya, na tarar da rami mai baki kamar an kife rabin ƙwarya. Kunkurun daji. Ban san daga ina ya fito ba, ban san shekara nawa ya yi yana yawo shi kaɗai ba. Na sa masa suna Baƙo, na sami sabon gora na jefa tsakuwa ɗaya. Na ce wa Shef ya duba ko akwai wasu a kewaye. Ya ce ya tambayi makiyaya har wajen Birnin Lalle, ba wanda ya ga ko ɗaya, sai dai a gidajen mutane, a turke.

Wata safiya na tarar da Baƙo ya zame daga bakin rabin wata ya faɗi rigingine, ƙafafu na iyo a iska. Na sa sandata da kafaɗa na birkice shi. Kafin ya kife na ga cikinsa: akwai kwarmi a tsakiya, kamar cikin ludayi. Na tsaya. Na wanke Dattijo sau nawa a rayuwata, ban taɓa jin kwarmi ba. Na koma gida da sauri na durƙusa na sa hannu a ƙarƙashinsa. Sumul. Na aika aka kira Shef, ya zo ya ɗaga gefe ɗaya ya leƙa, ya duba wutsiya, ya duba hanci da idanu, sannan ya cije leɓe don kada ya yi dariya a gidan manya.

Lokacin idanun Malam sun riga sun rufe da yana, shekara biyar ba ya bambanta dare da rana. Aikinsa kullum da hantsi shi ne a shimfiɗa masa buzu a gindin aduwa, a ajiye masa harawa. Dattijo ya taho ya miƙa wuya, Malam ya riƙa sosa masa ƙarƙashin haɓa yana ba shi labarin shanun da suka mutu, yana kiran sunayensu, Jar-goshi, Gajera, Mai-kunne, kamar jiya ya shayar da su. Bayan Shef ya fita na je na zauna kusa da shi.

"Malam, miƙo hannunka."

"Mi na yi kuma, Jandarma?"

Na kama hannun na tura ƙarƙashin kunkurun.

"Mi ka ji?"

"Ciki na ji. Shimfiɗe kamar faifai."

"Na daji nashi da kwarmi. Shef ya ce mai kwarmi shi ne namiji."

Ya sake shafa cikin da hannunsa. Sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa.

"Shekara arba'in ina hwaɗa ma mace asirina! Ashe shi ya sa duk abin da na ɓoye sai kin sani."

Ni ma na yi dariya, amma tawa ba ta yi nisa ba, don na tuna wani abu. Sau uku ko huɗu a shekarun baya, ina cike ramin gindin danga, na tono ƙwai farare, zagayayyu, masu taurin ɓawo. Muka ce na maciji ne. Muka farfasa da fartanya, muka ƙona tsumma, har mai maganin maciji muka kira ya yi mana yayyafi. Tsoho ya ce namiji ya bayar, waye a cikinmu zai birkice kyautar tsoho ya duba? Shef ya ce mini in kwantar da hankali, ƙwan da ba namiji ba ya ƙyanƙyashewa. Wannan bai kwantar mini da komai ba. Ni na haifi tara, na binne uku. Na san abin da ke sa mace ta ja igiya.

Shef bai roƙe mu ba. Ya ce lafiyar Dattijo ƙalau, in an kai ta fako za ta rayu, amma ba shi ne zai raba makaho da abokin hirarsa ba. Ni ce na kawo maganar, bayan sallar la'asar, Malam na zaune, Babba ya dawo daga kara inda yake dillancin tumaki, Hadiza na tankaɗe.

Babba ya ce, "Inna, dajin nan ya shiga kanki. Baba ba ya ganin rana. Masallaci ma sai na ja shi. Abu guda ya rage mishi da yake taɓawa ya ji ya amsa, shi za ki ɗauka ki kai ma wani baƙon kunkuru? Maganar Kaka hwa?"

Hadiza ta ce, "Yaya, wannan ai camhi ne."

"Ke yi mana shiru, 'yar lakwal. Ban ce kunkuru ke riƙe da gida ba, Allah ke riƙe da shi. Amma tsoho ya yi magana, ɗansa ya karɓa da hannu biyu. Ba a gyara magana bayan mai ita ya mutu."

Na juya wajen Malam. Na duba fuskarsa na ga gaskiyar Babba a kanta. Na bar maganar. Ku riƙe wannan, don an ce na yi ta matsa wa ubanku har na ƙwace. Wallahi daga ranar ban sake tayar da ita ba.

Bayan kamar sati uku, Babba ya kora raguna zuwa kasuwar Ajekoriya, zai kwana biyu. An yi ruwa, gari ya yi sanyi. Na dawo daga fako da hantsi na tarar da Malam a kan buzu, harawa a gabansa ba a taɓa ba, ya karkata kunne. Dattijo na can ƙarshen igiya, igiyar ta miƙe kamar tsirkiya, tana ta kartar ƙasa.

"Wace kusurwa take ja?"

"Arewa."

"Kullum?"

"Kullum."

"Tun ina da ido?"

"Tun kana da ido."

Ya daɗe yana saurare. Sannan ya ce, "Babana makiyayi ne. Bai taɓa ɗaure karsana ya hana ta garke ba. Bai san abin da ya ba ni ba, shi ya sa. Da ya sani, da aro zai kira ta, ya ce in ta isa a maida." Ya miƙo hannu. "Ba ni wuƙa."

"Bari in kwance."

"Ke kin kwance kin ɗaure shekara arba'in. Ba ni wuƙa."

Na ɗauko wuƙar yankan kubewa na sa masa a hannu. Ya rarrafa yana bin igiyar da yatsu har ya kai kusa da ƙoƙo, ya yanke. Sai ya zauna a ƙasa, ya ce bai san da wace fuska zai gaya wa Babba ba. Yaron da ke jan hannunsa zuwa masallaci, wanda bai taɓa ƙetare maganarsa ba, yau zai ji uban ya ƙetare maganar nasa uban.

Na ce, "Bar mini. Ni an saba jin haushina."

"Zalunci ne wanga, Jandarma."

"Na ce ka bar mini."

"To, har ranar da kinka ga ɗiyanta. Ranar nan maganar za ta shiga kunnensa. Ki hwaɗa mishi ni ne, ko ina nan ko ba ni nan."

Na aika wa Shef, ya zo da amalanken jaki. Kafin mu ɗaga ta, Malam ya bi ƙoƙon da tafin hannu tun daga wuya har baya, ya zare guntun igiyar da ya rage, ya sa ɗan yatsa a hudar da babansa ya yi. Da muka sauke ta a fako kusa da magaryar Baƙo, ta daɗe a tsaye, wuya a miƙe. Ta ciri ɗanyar ciyawa, ta taka zuwa inda igiya ta saba tsayar da ita, ta dakata kamar tana jiran fizga. Ba abin da ya fizge ta. Ta wuce. Na koma gida na jefa tsakuwa ta biyu a gora.

Da Babba ya dawo ya ga turke ba kowa, sai ya tsuguna ya ɗauki bakin igiyar ya juya shi a hannu.

"Wa ya yanke?"

"Ni."

Malam ya buɗe baki, na dangwara buta a gabansa na ce ga ruwan alwala. Babba ya dube ni, ya dubi ubansa, ya ajiye igiyar ya fita. Daga ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Abin da Babba ya ji tsoro ya faru, ba zan ɓoye ba. Kullum da hantsi hannun Malam sai ya sauka ƙasa yana laluben wuyan da ba ya nan. In ya ji takuna sai ya maida hannun kan gwiwa. Sai na sauya tsarina. Na daina zuba ƙwallaye a gora kai tsaye, na riƙa kawo su in zuba masa a tafi, shi ya laluba ya gaya mini abin da na gani.

"Aduwa biyu. Barewa ta dawo da ɗanta. Magarya guda. To, amarya hwa? Kin ga amarya?"

"Na ga sawunta. Ya shiga ramin Baƙo."

"Ya hito?"

"Bai hito ba."

"Dattijo, Dattijo. Ko kunyar tsuhwa babu."

Shekara arba'in da ɗoriya da aurenmu, ban taɓa zama na yi hira da ubanku da rana tsaka ba sai a waɗannan watanni uku. Kullum akwai daka, akwai rijiya, akwai wanda za a tsawata wa. Ashe mutumin yana da labari. Ni ce na bar wa kunkuru shi.

Bayan an gama girbin gero zazzaɓi ya kama shi. Babba ya kai shi asibiti aka yi masa allura, aka dawo da shi. Kwana huɗu, ranar Talata da azahar, Allah ya karɓi abinsa. Tun kafin a share makoki magana ta fara yawo: Jandarma ta saki sa'ar gidanta a daji, ga shi ta ci mijinta. In na isa rijiya sai guga ya yi shiru. Bayan sadakar arba'in Babba ya tada gini kusa da kara, ya kwashe matarsa da 'ya'yansa. Tsakar gidan da ba a jin kiran sallah saboda hayaniyar yara ta koma ni da Hadiza da turke. Ba zan yi muku ƙarya ba, na tuna maganar Kakanku. Na zauna gindin aduwa na ce ko dai tsohon ya san abin da yake faɗa.

Hadiza ta tambaye ni sau biyu ko akwai abin da ban faɗa ba. Na ce ta je ta gyara takardun ɗalibanta. Ban saba karya alkawari da mai rai ba, balle da wanda ba zai iya ce mini ya yafe ba.

Na ci gaba da zagaye fako. Sanyin shekarar nan na ga Dattijo, na gane ta da hudar ƙoƙo, tana tona da ƙafafun baya a gindin sabara, ba mai cike mata. Na yi murna da wuri. Bayan kwana shida na tarar da ramin a tone, ɓawon ƙwai a warwatse, sawun dila a kai. Shekara ta biyu ruwa ya yi ƙaranci, ban ga ta tona ko'ina ba. Ta uku na bi ta kwana goma sha ɗaya har na ga inda ta binne. Shef ya kawo ragar waya muka kife a wurin, na jibga ƙayar aduwa a kewaye. Sanyi ya wuce, bazara ta zo ta ƙone ciyawa, ina zuwa ina duba ƙasar da ba ta motsi. Da hadari ya fara haɗuwa Shef ya ce a ɗage ragar.

Washegarin ruwan shuka na fita. Ƙasa ta yi laushi, ta yi sumul, kowane ƙwaro ya bar sa hannunsa. A gindin sabara na ga wani ɗan rami da babu shi jiya, daga bakinsa kuma layuka sun fita ta ko'ina, bibbiyu, ƙanana, kamar an ja tsinken tsintsiya. Na bi ɗaya da rarrafe. Ga ɗan kunkuru nan ƙarƙashin ganye, bai wuce ƙwallon goriba ba, ƙoƙonsa da laushi, ƙasa a kansa. Na ƙirga bakwai.

Ban koma gida ba. Na miƙe har kara, ranar kasuwa ce, na kutsa tsakiyar raguna da dillalai inda mace ba ta shiga. Ana tsakiyar ciniki, hannun Babba cikin hannun wani Buzu. Na ce, "Kai, taho." Ya saki hannun ya biyo ni. Muka miƙe har fako. Na nuna masa ƙasa na ce ya kula da ƙafarsa. Ya tsuguna. Sai na gaya masa komai, wuƙar kubewa, maganar karsana, alkawarin. Na ƙare na jira ya yi mamaki.

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani, Inna."

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Igiya. Tun da anka haihe ni ban taɓa ganin kin yanke igiya ba. Kuma yankan ya karkace, sau uku anka sa wuƙa. Yankan wanda ba ya gani ne."

"To, mi ya hitar da kai daga gida?"

"Na jira ya hwaɗa mini. Kullum ina jan hannunsa zuwa masallaci, ina cewa yau zai hwaɗa. Da ya hwaɗa, da ni zan ɗauke ta a ka in kai. Kun zauna ku biyu kun yanke cewa ban isa a gaya mini ba. Har ya tahi."

Ni da ke karanta sawun yanyawa a kan tsakuwa, shekara uku ban karanta ɗana ba. Na ɗauka ina kare shi daga magana mai nauyi, ashe hana shi ubansa na yi a watanninsa na ƙarshe. Wannan shi ne laifina a shekarar nan, ba sakin kunkuru ba, kuma shi nake son ku rubuta a kaina.

Na ce, "Na yi kuskure. Dabarata ce, ba tasa ba. Ka yahe mini."

Ban taɓa faɗa wa wani ɗa nawa haka ba. Ya tsaya yana kallon ɗan kunkurun da ke ƙoƙarin haye tsinke. Ya miƙa hannu, na san tunanin 'ya'yansa yake, na kuwa kama bakina. Hannun ya tsaya a sama. Sai ya janye, ya karyo reshen sabara ya kafa a gefe don kada hankaka ya hango. Ya tsinci tsakuwa bakwai ƙanana ya zuba a aljihu. Da na yunƙura zan tashi gwiwa ta ƙi, ya kama ni ta damtse ya ɗaga, bai saki ba har bakin gari.

Bai dawo gidan nan da zama ba, ya riga ya yi gininsa. Guntuwar igiyar na cikin adakata, duk wanda ya gaje ta ya dubi bakin yankan, kada kuma ya ɗaure komai da ita. Ni yanzu ba na iya kaiwa fako, gorunan dai suna nan a rumfa, na tsakuwa ya yi nauyi. Ba na jin shigowar mai zuba su, don barcin safe ya fara cin ƙarfina. Amma in na fito na dubi ƙasa kafin Hadiza ta yi shara, sai in ga sawu daga ƙofar gida zuwa rumfa, daga rumfa zuwa ƙofar ɗakina, ya ɗan tsaya, sannan ya juya. Ƙafar dama ta fi nutsewa, kamar ta ubansa.